Ranar da Injiniya Ya Roƙi Allah Aikinsa Ya Zube

Babu wanda ya naɗa shi Injiniya, shi ya naɗa kansa. Magini ne, mai shafen siminti, kuma in ka zauna da shi ka sha shayi kofi guda za ka tashi da yaƙinin cewa rabin gine-ginen duniya da shawararsa suke tsaye, rabin da suka rushe kuwa ƙin jin maganarsa aka yi. Mutanen layinsu sun karɓi sunan ba gardama, domin kiran mutum Injiniya ya fi ba shi aiki sauƙi. Mutum ɗaya ce ta ƙi, surukarsa Inna. Tun shekarar da ya shafe mata bangon ɗaki, shafen ya sauko kan gadonta kafin ya gama wanke hannu, ta koma kiransa "bawan Allah", kamar baƙon da ya zo tambayar hanya. Abin nan yana ci masa rai fiye da yadda yake nunawa.

Wata safiya Inna tana zaune a tsakar gidansa, 'yarta, matar Injiniya, tana ɗiga mata magani a ido. Idon ya daɗe yana dusashewa, likita ma ya daina yi musu alkawari. Ta ce tana so a kai ta garin da aka haife ta tun tana iya bambance mutum da kujera.

"Akwai abin da nake son gani a bangon gidanmu," in ji ta.

"Bango?" Injiniya ya dire kofinsa. "Inna, ranki ya daɗe, ai kin zo wurin. Ba ma garinku kaɗai ba, duk tsofaffin garuruwan da ke kan hanyar nan sai na zaga da ke. Garin babbar ƙofa, garin hasumiya. Ni ne zan yi muku bayani, ba sai an ɗauki ɗan jagora ba."

Bai jira amsa ba ya yi waje don ya sanar da maƙwabta. Saboda haka bai ji sauran maganar ba. Inna ta gaya wa 'yarta cewa ranar da mahaifinsu ya yaɓe bangon da ke gefen ƙofar gida, ita da Yayanta suna ƙanana, suka lallaɓa suka danna tafin hannunsu a ɗanyar ƙasar. Uban ya ɗaga hannu zai make su, sai dariya ta kama shi, ya bar shaidar a wurin. Yayan bai yi tsawon rai ba, ko hotonsa babu. Wannan ɗan tafin hannun shi ne kaɗai abin da ya rage nasa a duniya, kuma shi take son gani kafin idon ya rufe.

Ranar tafiya Dogo, ƙanen matarsa, ya kawo motarsa ƙofar gida. Ana loda jakunkuna sai ga Injiniya ya fito da rabin buhun siminti a kafaɗa, da kwanon gini, da ma'aunin ruwa, katakon nan mai ƙwayar ruwa a tsakiya da ake gane karkacewar gini da shi. Cokalin gininsa kuwa yana soke a ƙugu. Tela maƙwabcinsa ya leƙo daga shago.

"Injiniya, ziyara za ku ko kwangila?"

"Ka taɓa ganin likita ya yi tafiya ba allura?"

"Na dai ga wanda ya yi wa keken ɗinkina allura. Tun da shafenka ya zubo masa, har yau in na taka shi yashi yake tofarwa."

"Wannan ai simintin ne aka cuce ni."

"Kullum simintin ne," in ji Tela. Ya juya ga direba. "Dogo, in ya ce maka tsaya, ka ƙara wuta."

Dogo bai ji wannan shawara ba, shi ya sa hantsi ya same su a garin babbar ƙofa. Ƙofar ta cancanci sunanta. Katako ne baƙi mai kauri, ya fi tsawon mutum biyu, an buɗe shi an tokare da wani ƙaton dutse tun zamanin da ba wanda ya tuna. Ta nan duk garin ke shiga da fita. Dogo ya tsaya a waje da mota, Inna da 'yarta suka shige ciki neman inuwa. Wani mai gadi ya fara yi wa baƙi bayani, bai kai jimla ta uku ba Injiniya ya karɓe zancen daga bakinsa.

"Ku dubi abin kunya," ya ce wa baƙin. "Ƙofa mai daraja irin wannan an tokare ta da dutse kamar ta banɗaki. Ƙofar da gwani ya rataya ba ta neman taimako. Bari ku gani."

Ya tattare riga, ya sa kafaɗa, ya mirgine dutsen. Ƙofar ta tsaya cak. Ya buɗe hannuwa yana murmushi, wata baƙuwa har ta ɗaga waya za ta ɗauke shi hoto. Sai ƙofar ta yi wani gurnani irin na tsohon da aka tasa daga barci, ta taho a hankali, ta ƙara sauri, ta rufe garin ruf. Ta haɗa da bayan rigar Injiniya.

Kafin a ce me, masu babura sun taru ta ciki, masu amalanke sun taru ta waje, wani mai awaki yana tsakiyar shigar da su an raba masa garke biyu, kowane ɓangare yana kukan ɗan'uwansa. Wani ƙaton mutum ya ratso taron yana huci.

"Wa ya cire dutsen?"

"Iska ce," in ji Injiniya.

Mutumin ya dubi dutsen, ya dubi rigar da ke maƙale a ƙofa, ya dubi mai rigar. "Iskar ce ta sa maka riga a ciki?"

Sai da aka tara majiya ƙarfin garin, na ciki suna turawa na waje suna ja, kafin ƙofar ta yarda ta koma inda take. Rigar kuwa ba ta dawo duka ba. Injiniya ya shiga mota bayansa a buɗe, ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"Kun ga ingancin aikin mutanen da? Gwada ta na yi."

"Bawan Allah," in ji Inna daga kujerar baya, "rana tana yi."

A garin hasumiya matarsa ta roƙe shi ya zauna a mota, ya ce ai kallo kawai zai yi. Hasumiyar tana tsakiyar kasuwa, doguwa, ta ɗan sunkuya gefe guda, 'yan kasuwa sun baje kaya a inuwarta. Injiniya ya zaga ta sau ɗaya, fuskarsa ta canza. Ya ɗora ma'aunin ruwa a jikinta, ƙwayar ruwan ta gudu can ƙarshen katako ta laɓe. Nan take ya ji ranar da aka haife shi dominta ta zo. Ya haye kan wani benci.

"Jama'a, ku tashi! Za ta faɗi! Injiniya ne ke gaya muku!"

Da ya ce magini ne da ba wanda zai motsa. Amma an ji Injiniya. Kasuwa ta watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Mai tumatur ya bi ta kan tumatur ɗinsa, mai aski ya gudu, wanda ake yi wa askin ya bi shi da rabin kai. Aka taru can nesa ana jiran rugujewa. Hasumiya ta ci gaba da sunkuyonta, wata kurciya ma ta sauka a kanta tana gyara gashi.

Wadda ta fara dawowa wata mai ƙwai ce, farantinta a hannu, ruwan ƙwai yana ɗiga ta gefe.

"Kai ne Injiniyan?"

"Baiwar Allah, ranki na ceta."

"A karkace kakata ta same ta, a karkace ta bar ta. Karkacewar ce ake tasowa daga nesa a zo kallo. Kai kaɗai ne ba a gaya wa ba?"

"To ai laifin wanda ya gina ta ne."

"Shi ya mutu. Kai ne a hannu."

Da ƙyar Dogo ya sasanta. Suka bar garin Injiniya yana rungume da farantin fasassun ƙwai a cinya, domin matar ta rantse ya saye su. Matarsa ta ƙwace ma'aunin ruwan ta zauna a kai. Cokalin da ke ƙugunsa ne ta manta da shi.

Rana ta karkata suka isa garin su Inna. Tsohuwar unguwar tana nan yadda take, lunguna siriri, gidajen ƙasa, baƙi suna yawo suna ɗaukar hoto. A bakin lungu wata tsohuwa ta tsura wa Inna ido, ta kira ta da sunan yarinta, suka rungume juna suna kuka suna dariya. Ta ja Inna da 'yarta cikin gidanta ta ce ba inda za su sai sun sha ruwa. Dogo ya kwantar da kujerar mota ya rufe fuska da hula.

Injiniya ya tsaya shi kaɗai, riga a yage, wando yana ƙarnin ƙwai. Ya san ya zubar da kansa sau biyu a gaban Inna, kuma ya san dama ɗaya ta rage masa. Ya tambayi gidan mahaifinta aka nuna masa. Gidan a kulle, mai kula da shi ya fita. Da ya ga bangon gefen ƙofar sai tausayi ya kama shi da gaske. Duk ya tsattsage, ya yi ramuka. A ƙasa-ƙasa kuma, daidai gwiwarsa, ga shaidar ƙananan hannuwa biyu a nutse cikin ƙasar.

"Yaran zamani," ya ce yana girgiza kai. "Ba tarbiyya. Tsohuwa ta taso daga uwa duniya ta tarar an ɓata mata bangon uba?"

Ya lallaɓa ya sauke buhunsa daga mota ba tare da ya tashi Dogo ba. Ya kwashi yashi a lungu, ya kwasa, ya ƙara kwasa, ya barbaɗa siminti a kai kamar mai sa gishiri a miya, ya tari ruwa a famfo ya kwaɓa, ya hau shafe. Bai tsaya jiƙa bangon ba, shi a ganinsa wannan aikin masu koyo ne. Hannunsa dai akwai sauri, wannan ko Tela ba ya musu. Masu wucewa suka fara tsayawa. Ganin yadda yake ba da umarni, kai matsa, ke kawo ruwa, kowa ya ɗauka hukuma ce ta aiko shi. Kafin tsofaffin nan su gama gaisawa bango ya yi sumul.

"Wannan shafen," ya gaya wa 'yan kallo yana goge cokali, "shekara ɗari yana nan. Ko da guduma aka zo, gudumar ce za ta ji jiki."

Sai ga Inna ta shigo lungun, 'yarta tana riƙe da hannunta, ƙawarta a gefe. Tana tafe tana shafa bangwaye tana faɗin gidan wane ne wannan, gidan wane ne wancan. Injiniya ya tare ta da fara'a har kunne.

"Inna, ranki ya daɗe, ga tsarabata."

Ba ta ji shi ba. Ta kama bakin ƙofar, ta durƙusa a hankali, ta miƙa hannu ƙasa daidai wurin da ta sani. Hannun ya sauka a kan ɗanyen siminti. Ta shafa dama, ta shafa hagu. Ta kawo fuskarta kusa har hancinta ya kusa taɓa bangon.

"Ina hannun Yaya?"

Matar Injiniya ta dafe kai. A cikin kalmomi kaɗan ta gaya masa abin da ya binne. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta zauna a ƙasa ta goge simintin a zaninta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Labari ya kai wa mai unguwa, ya iso da sandarsa da mutane a bayansa. Ya ce unguwar nan ko ƙusa ba a bugawa sai da izini, ya tambayi wanda ya aiko wannan mutum. Aka rasa. Wani ya ce a kawo kurfi a sassaƙe shafen.

"A sassaƙe da me?" in ji mai unguwa. "Ƙarfe yana shiga zai tafi da tsohuwar ƙasar, da hannuwan da komai. Kuma an ce ya ce ko guduma ba ta iyawa."

"Ya faɗa," 'yan kallo suka amsa. "Shekara ɗari ya ce."

"To a kira 'yan sanda."

Injiniya ya dubi Inna a zaune a ƙasa. Ya dubi bangon da ke sheƙi. Ya cire hula, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, maganar ɗazu talla ce. Kada a taɓa shi da ƙarfe. A ɗan jira kawai. Aikina ba ya kwana."

"Kamar yaya ba ya kwana?"

"Zubewa yake yi. Da kansa."

"Kai, ka raina mana hankali. Injiniya guda?"

"Ni ba injiniya ba ne, ranka ya daɗe. Ni na sa wa kaina."

Matarsa ta matso. "Gaskiya ya faɗa, Baba. Tun da na aure shi ban taɓa jingina da bangon ɗakina ba."

Dogo, wanda hayaniya ta tasa, ya ce shi ma shaida ne, ya taɓa ajiye mota a gindin katangar da mijin yayarsa ya shafe, har yau rufin motar bai miƙe ba. Mai unguwa ya ce duk dangi ne, dole su kare nasu, a kawo bare. Injiniya ya zaro waya ya kira Tela, ya buɗe muryar yadda kowa zai ji. Mai unguwa ya karɓa ya ce yana so ya san ingancin aikin mutumin nan.

Tela ya ɗauka kwangila ce maƙwabcinsa ya samo a baƙon gari, kuma duk tsiyar da ke tsakaninsu ba zai toshe masa abinci ba.

"Injiniya? Ai babu kamarsa," in ji Tela. "Abin da ya shafa ya shafu har abada. Ku ba shi kawai."

Taron ya ɗauki guna-guni. Injiniya ya fizge wayar.

"Tela, don girman Allah ka faɗi gaskiya."

"Ai taimakonka nake yi."

"Kashe ni kake yi. Faɗi ta keken."

"Gaskiyar gaskiya kake so? A gaban mutane?"

"Ita."

Tela ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya shekara yana jiran wannan rana. Ya fara da kekensa. Ya wuce kan bangon mai wanki da ya zube a kan kayan mutane. Ya kawo na makarantar layinsu, wanda yara suka riƙa ɓarewa da farce suna wasa da shi. Ya ce a layinsu in Injiniya ya shafe bango, mata kwashe tukwane suke yi daga gindinsa tun bai sauko daga tsani ba. Mutane suka fara dariya, har mai unguwa ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Injiniya yana durƙushe yana gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne. Ƙara da na gidan mai burodi."

Mai unguwa ya ce to, za a jira, amma in rana ta faɗi shafen yana nan, a ofishin 'yan sanda zai ƙarasa bayani. Aka kawo wa Inna kujera. Unguwa guda ta zauna tana kallon bango.

Bango kuwa ya ƙi motsi. Rana ta dake shi, ya fara bushewa, ya yi fari, ya yi kyau. Injiniya bai taɓa ganin aikinsa ya daɗe haka ba, tsoro ya kama shi. Ya shiga tuhumar kansa, ko don son ya burge Inna hannunsa ya zarce wajen zuba siminti? Ko yau ce ranar da ya iya aiki? Ya sunkuyar da kai yana motsa baki. Shekara da shekaru yana roƙon Allah aikinsa ya tsaya ba a amsa ba, yau ga shi yana roƙon ya zube, yana tsoron kada tsohuwar addu'ar ce aka amsa a makare.

Inuwa ta kai rabin lungun. Mai unguwa ya dubi sama, ya gyara riƙon sandarsa. Daidai nan ƙawar Inna ta yi atishawa.

Wani siririn layi ya bayyana a saman shafen. Ya gangaro. Sai gaba ɗayansa ya saki bangon, ya sulalo kamar rigar da ta faɗo daga igiya, ya zube a kan ƙafafun mai shi. Da ƙura ta lafa, ga tsohon bango da tsagoginsa da ramukansa, ko ƙwarzane babu. Ga ƙananan hannuwa biyu, yashi ya ɗan cika su.

Inna ta sauko daga kujera da kanta, ta durƙusa, ta hure yashin. Ta sa yatsa tana bin shaidar, ɗaya bayan ɗaya, fuskarta dab da bango.

"Ga shi nan," ta ce a hankali. "Ƙaramin yatsansa a lanƙwashe yake. Kin gani?"

'Yarta ta ce ta gani, tana share hawaye. Inna ta ɗora tafinta mai tamoji a kan ɗan tafin, ya rufe shi duka, ta daɗe a haka. Sannan ta ɗago kai tana neman inda yake.

"Injiniya."

Ya waiga baya ya ga ko wani ake kira. Babu kowa sai shi, tsaye cikin tarkacen aikinsa har idon sawu, riga a yage.

"Na'am, Inna."

"Allah ya bar maka hannunka yadda yake."

"Amin," in ji unguwa gaba ɗaya. Muryar Injiniya ta fi ta kowa ƙarfi, don bai tsaya ya auna addu'ar ba. Daga cikin aljihunsa, inda wayar take a kunne har yanzu, aka ji Tela shi ma ya ce amin.